An cike kwarin bayan gidanmu an yi gine-gine, yanzu ruwa ɗakin Inna yake kwana

Tela Bakin Mayo
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau kam da ciwon rai na zo, ku yi haƙuri zan yi tsawo. Ruwan daren Talata ya shiga gidanmu har ɗakin Inna, wajen ƙarfe biyu na dare na farka na sauke ƙafa ƙasa sai na ji tsulum, takalmana na yawo a tsakar ɗaki, gero buhu ɗaya da rabi ya jiƙe, keken ɗinkina sai da muka cicciɓa ni da yarona muka ɗora kan duro, Inna kuma goya ta na yi zuwa gidan ƙanwata tana ta salati tana cewa a koma a ɗauko mata kwallar kayanta. Gidan nan babana ya gina shi tun kafin a haife ni, shekarata 46 a cikinsa, ko a 2012 ko a 2020 da gadar Palar ta nan Marwa ta karye ruwa bai taɓa haura dokin ƙofar zaure ba. Abu ɗaya ne ya canza. Kwarin da ke bayanmu tsakaninmu da mayo wato rafi, inda ruwa ke kwanciya duk damina muna yara muna kamun tarwaɗa da kwando, an yanka shi fili-fili an sayar, shekara uku kamiyon na zuba ƙasa ba dare ba rana, yanzu gida sha huɗu ne a wurin, kowa ya ɗaga fondasiyon ya kai ƙugu, ya shafe tsakar gida da siminti, ya juyo bututunsa kan layinmu. To ni yanzu wa zan kama? Wanda ya sayar, waɗanda suka gina, ko in yi shiru in ce ƙaddara?

Ɗan Garwa
Subhanallahi, Allah ya kiyaye gaba, a gaida Inna. Amma yaya tela kar ka ɗora wa maƙwabta duka, ruwan shekarun nan ba irin na da ba ne. Ka tuna 2024, gadar Yagwa ta tafi, Chadi larduna 23 ba wanda ya tsira, Maiduguri dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare. Su ma kwari aka cike musu?

Magini
Maganinka parfen wato bulon siminti layi biyu a bakin zaure, ka toshe rariyar baya, ka yi wa katanga dakali da siminti ta waje. Kwana biyu na gama maka. Rabin layin nan ni na yi musu kuma suna barci lafiya.

Tela Bakin Mayo
To in na ɗaga ina ruwan zai je? Gidan da ke ƙasa da ni na marayu ne, ginin ƙasa, uwarsu ƙosai take soyawa.

Magini
Ita ma ta ɗaga mana hhh

Injiniya
Kawu tela sannu, Allah ya mayar da alheri. Kawu magini kar ka ji haushina amma wannan "kowa ya ɗaga" shi ya kawo mu inda muke, tseren katanga ne kuma mai ƙaramin ƙarfi shi ke shan ƙasa a ciki. Bari in yi lissafi irin na kasuwa kowa ya gwada a wayarsa. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Gida mai rufin tol wato kwano mita 10 da 15, murabba'i 150 ke nan. In aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, wanda a watan Agusta ba abin mamaki ba ne a Marwa, rufin nan kaɗai zai zubo lita 7,500, duro 37 da rabi na mai lita 200. Rufi kawai fa, ban sa tsakar gidan da aka shafe ba. Tol da siminti ba sa sha, kusan tara cikin goma na abin da ya sauka a kansu waje yake fita, kuma cikin mintuna yake fita, da can sai ya bi ciyawa ya bi rairayi ya tsaya nan ya tsaya can kafin ya iso, yanzu duk a tare yake zuwa bakin ƙofarka. Saurin nan ya fi yawan ruwan illa. Sannan kwarin kansa, a ce girmansa ya kai filin ƙwallo kuma ruwa kan kwanta rabin mita a ciki, lita miliyan 3 da rabi ke nan yake riƙe muku kyauta. Wato an ƙaro ruwa an kuma fasa randar da ake zubawa.

Ɗan Garwa maganarka akwai gaskiya, ruwa mai ƙarfi ya ƙaru, amma hakan ai dalili ne na a bar masa wuri ba na a ƙwace masa wanda yake da shi ba.

Ɗan Garwa
Na karɓa ƙanwata. Mu nan Garwa da ruwa ya shiga gida sai a ce an buɗe Lagdo, ko da kuwa kanibo wato kwatar ƙofar gidan mutum ne ya toshe da leda. Dam ɗin nan tun 1982 yake ɗaukar laifin kowa, har 'yan Najeriya hhh. Amma fa a 2012 da gaske ne, Binuwai ta cika ta batse, wannan ba kanibo ba ne.

Mai Sabon Gida
Slm. Wani ya turo min hoton maganar nan aka sa ni a zauren, ashe da mu ake. Gida mai koriyar ƙofar ƙarfe nawa ne. Malam tela ranar Laraba mun yi magariba sahu ɗaya mun gaisa ba ka ce min uffan ba sai a nan gaban mutum ɗari biyu. To bari ni ma in faɗi nawa. Shekara 11 ina haya ɗaki biyu da yara bakwai, ina safarar albasa zuwa Yawunde da Duwala ina kwana kan buhu a mota ina tara kuɗi, filin cikin gari ba na irinmu ba ne kowa ya sani, aka nuna min wannan a watan Maris, ƙasa ta bushe ƙayau har ta tsattsage, awaki na kiwo a kai, aka ce min ruwa "ɗan kaɗan" ne ke wucewa, aka yi takarda da shaidu na biya. Damina ta farko na zo na tarar da tubalina cikin ruwa har gwiwa kwaɗi na ta biki a kai. In yi yaya? In bar kuɗin shekara 11? Kamiyon 40 na ciko na zuba. Kuma wlh ni ma ban tsira ba, katangata ta gabas ta tsage daga sama har ƙasa hannu na shiga, gida bai shekara uku ba. Ni ban zo cutar kowa ba.

Tela Bakin Mayo
Alhaji ban kira sunanka ba kuma ban ce mugu ne kai ba. Ranar Laraba in na buɗe baki a masallaci abin da zai fito ba mai daɗi ba ne shi ya sa na yi shiru. Amma bututunka guda biyu ƙofar zaurenmu suke kallo, wannan kam ido ya gani.

Admin
Jama'a a sassauta, duka biyun mutanen kirki ne. A yi magana kan ruwa.

Jikan Baba Manomi
Na karanta wa kakana maganar ya yi vokal mai tsawo da Fulatanci da Hausa a haɗe, bari in rubuta muku abin da ya ce. Ya ce wurin da kuke faɗa a kai ai karal ne, shi da kansa ya dasa masakwa a gefensa shekaru da yawa. Ya ce baƙar laka ce, da rani ta tsage har ƙafar ɗan akuya na faɗawa ciki, da ruwan fari ya sauka ta sha ta kumbura ta rufe bakinta ruf, daga nan ko digo ba ta ƙara karɓa sai dai ya kwanta a kai. Su abin da suke so ke nan, har ƙananan kunyoyi suke ja su yi fangali-fangali don ruwan ya daɗe, sai wajen Oktoba ya janye su huda rami su dasa, dawa ta nuna da raɓa da sanyin hunturu ba ruwan sama. Ya ce ƙasar da ke kumbura tana motsewa duk shekara ita ce ta tsaga katangar Alhaji ba maginin ba, kuma za ta ƙara. Ya ce a zamaninsu ba mai gina ɗaki a karal ko mahaukaci, gida a kan tudu gona a kwari. Ya ce ruwa yana da burtali kamar yadda shanu ke da shi, in ka nome burtali kar ka yi kuka in shanu sun bi ta gonarka. Daga nan ya shiga labarin wata saniyarsa da mayo ya tafi da ita, wannan ban rubuta ba.

Magini
Baba ya wanke ni, na gode hhh. Dama an ce ni na ci simintin katangar.

Tsohon Ma'aikaci
Ni na yi aikin takardun ƙasa kafin in yi ritaya, bari in faɗi abin da ke rubuce, aiki da shi kuma wata magana ce. Dokar 74-2 ta 6 ga Yuli 1974 ta sa fadamu masu riƙe ruwa da tafkuna da cikin rafi har iyakar inda yake cika a dukiyar jama'a, ba a sayarwa, ba a mallaka komai daɗewar mutum a kai. Kogin da jirgi ke bi kuma har da mita 25 daga inda ruwa ke kaiwa in ya cika. Sai dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004, ita ta ce filin da ke cikin haɗarin ambaliya ko zaizaya ba a gini a kansa. Shi ya sa kafin ka sayi fili ake so ka nemi takardar da ke nuna ko wurin na gini ne, kafin ka sa tubali kuma ka nemi fermi wato izinin gini a meri, ofishin magajin gari. Yawancinmu takardar ciniki kawai muke riƙewa da sa hannun shaidu mu ce muna da fili, wannan ba titir fonsiye ba ce, wato takardar mallakar fili ta hukuma. Alhaji ban faɗa don in tsorata ka ba, amma ka sani in aka je gaban hukuma ba lallai takardarka ta tsaya maka ba, gara ku gyara a tsakaninku.

Mai Sabon Gida
To baba ina dokar take lokacin da kamiyon ke wucewa da rana tsaka shekara uku? Sai da talaka ya gama rufi za a tuna da 1974.

Tsohon Ma'aikaci
Wannan tambayar ba ni da amsarta ɗana, kuma tana kan hanya.

Goggon Walia
'Ya'yana ina ta karantawa daga Njamena, ku bar ni in sa baki don ni na sha ruwan nan har na ƙoshi. Ruwa iri biyu ne kar ku haɗa. Akwai na sama da ke zubowa a Agusta ya rasa hanya, akwai na kogi da ke zuwa a Oktoba rana na ƙwallewa ba hadari ko ɗaya. Mu Walia tsakanin Shari da Logon muke, a 2022 na biyun ne ya ci mu, da safe ka ga ƙasa ta yi danshi da yamma ruwa a gwiwa, har sai da shugaban ƙasa ya sa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba, kwale-kwale ke ɗaukar mutane a kan hanyar da muke hawa moto, na yi sati bakwai a tanti da jikoki huɗu. Wannan kam ba tanki ko rami a tsakar gida da zai tare shi, sai ganuwa ko ka tashi. Amma na Agusta mu muka jawo wa kanmu rabi. Garin nan shimfiɗe yake kamar faifai, da can ko'ina akwai ramukan da ake ce wa buta, nan ruwa ke taruwa, aka bi su ɗaya bayan ɗaya da shara da ƙasa aka gina, yanzu gwamnati ke kashe kuɗi tana haƙa manyan tafkuna da kanal da injinan tura ruwa, don in kogi ya cika ruwan gari ba ya iya gangarawa da kansa sai an tura shi. Abin da Allah ya ba mu kyauta muka binne muka koma saye. Ku naku na Marwa da sauƙi tunda kuna da gangare, mayo na nan kusa, hanya kawai zai nema.

Injiniya
Goggo Allah ya ƙara lafiya, kin raba gardama. Namu na farkon ne. Sai dai mayo ma ba abin raini ba ne, Kaliyawo da Tsanaga daga duwatsun Mandara suke gangarowa, wata takwas rairayi ne yara na ƙwallo a ciki mata na tonon ruwa, amma in aka yi ruwa wajen Mokolo cikin awoyi kaɗan zai iso ko da nan ba a yi digo ba, kuma in ya cika bakin kanibo da ke zuba a cikinsa ya nutse, ruwan unguwa sai ya dawo baya. Lokacin ne ake bukatar kwari ya riƙe na 'yan awoyi kafin mayo ya sauka.

Tunda gidajen sun riga sun tsaya ba rushewa za a yi ba, ga abin da nake gani. Kowane sabon gida ya riƙe ruwan rufinsa ko na ɗan lokaci ne. A sa gotiya mai tare ruwan rufi a bakin tol a haɗa da tanki ko durorin da aka jera, a bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu ya zube, sauran a tara, wanki da wanke-wanke da ban ruwan shuka duk ya yi, ga sauƙin kuɗin sayen ruwa a jarka. Amma tankin da ya cika tun jiya ba ya tare komai yau, sai a sa ɗan siririn tiyo a ƙasa yana tsiyaya a hankali ya bar wuri kafin wani hadarin. Tsakar gida kuma a fasa simintin ko da sulusi, a bar ƙasa ko a sa tsakuwa ko pave mai tazara, a yi wani ɗan kwari kamar tafin hannu a dasa lemo ko gwaiba ko zogale, bututu ya zuba can maimakon ƙofar kawu tela.

Magini
A haƙa rami kawai a cika da dutse a juya bututu ciki, na yi wa mutane da yawa a unguwannin tudu kuma yana sha.

Injiniya
A tudu mai rairayi yana sha kawu. A karal rijiya kawai ka haƙa wa sauro. Ai ka ji abin da baba ya ce. Gwaji ba ya cin ko sisi, a haƙa rami zurfin kamu guda da rabi, a cika da ruwa a bari ya shanye, a sake cikawa a duba. In ya tafi cikin awoyi ƙasar na sha, in aka kwana aka wuni yana nan yana kallonka to a manta da maganar rami. Kuma da damina za a gwada ba da rani ba, da rani tsagar ƙasa za ta shanye ta yaudare ka kamar yadda ta yaudari Alhaji. Wani abu kuma, ramin da aka cika da dutse kusan sulusinsa ne kawai wurin ruwa, mai mita 2 da 2 zurfin 1 da rabi bai wuce lita 2,000 zai ɗauka ba, ka tuna rufin nan 7,500 yake zubarwa. Kar ya matso fondasiyon, a ba shi kamar mita 5, kar kuma ya kusanci masai ko rijiya. Ni abin da ya fi ba ni tsoro a irin wurin nan ma masai ne, ruwan ƙasa na kusa, in ya taso masai ya cika ya haɗu da rijiyar da ake sha, waɗanda suka ga kwalarar 2010 a yankin nan sun san me nake nufi.

Maman 'Yan Biyu
Ni dai duk maganar tara ruwa a gida ba ta kwanta min ba. Palu wato zazzaɓin cizon sauro ya gama da mu bara, yaran nan biyu sau uku-uku ana ƙarin ruwa. Gsky ni da aka cike kwarin har daɗi na ji don sauro da wari, ai ba tarwaɗa kaɗai ke ciki ba malam tela, har mushen jaki an jefa.

Injiniya
Yaya kina da gaskiya kuma ba wanda zai ce kwarin aljanna ne. Amma sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike yana ɗaukar sati ko fiye, ruwan da ya tafi cikin kwana biyu ba ya haifar da shi. Tanki kuma a rufe a ɗaura gidan sauro a bakinsa. Yanzu da aka cike ɗin sauron ya ragu? Ko ya dawo kwatamin ƙofar gida da sawun taya?

Maman 'Yan Biyu
Hmm bai ragu ba kam.

Mai Sabon Gida
Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, malam tela kanibon da ya bi ta gaban layinku wa ya gina shago a kansa ya rufe shi da dal na kankare? Ba ƙaninka ba? Kuma duk hadari ya haɗo ina ganin yaran layinku da bokitin shara suna juyewa ciki wai ruwa ya tafi da ita. Laifi tudu ne.

Tela Bakin Mayo
Shagon na ƙanina ne ban musa ba. Sharar ma gaskiya ne, har da ƙyallayen shagona na gani a ciki ranar Laraba na ji kunya. Amma kanibon nan ko an share shi tas faɗinsa bai fi kamu ɗaya ba, an yi shi ne don layi ɗaya ba don gida sha huɗu da kwari guda ba. Kuma rabin abin da ya toshe shi yashin gininku ne da aka jibge a titi damina biyu.

Magini
Nan kam mu ne. Ana sauke yashi da laterit a bakin hanya ruwa ɗaya ya kwashe kwata, mai gida ya yi asara kanibo ya cika. Da ana kewaye shi da parfen layi ɗaya ko buhunan ƙasa a rufa leda da ba haka ba, amma ba mai biyan lebura don wannan.

Ɗan Garwa
Leda kuma wai an hana marar kauri tun 2014, ku leƙa ƙarƙashin kowace gada ku gaishe ta.

Malam Na Tsangaya
Bismillah. Ban so shiga ba amma an tambaye ni ta gefe. Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce la darara wa la dirar, ba cuta ba cutarwa, kuma malamanmu na Malikiyya sun yi magana sosai a kan indararo da magudanar da ke zuba wa maƙwabci, ba wai sabon abu ba ne. Mallakar fili ba ta ba ka damar juya cutarsa kan wani ba. Wanda ya zo daga baya ya haddasa cutar shi ake nema ya kawar da ita gwargwadon iko, wannan ya hau kan Alhaji da sauran sha ukun, ya kuma hau kan mai shago a kan kanibo. Shi kuma wanda ya san wuri na cin ruwa ya sayar da rani ya ce "ɗan kaɗan ne", ya ɓoye aibi a ciniki, nasa ya fi na kowa nauyi ko da ba ya cikin zauren nan. Allahu a'alam.

Jikan Baba Manomi
Baba ya ƙara cewa in za a buɗe wa ruwa hanya zuwa mayo kar a yi ta miƙe santal da siminti, zai yi gudu ya ci bakin mayo ya zo ya ci gidan ƙarshe. Ya ce ku je ƙauyukan Mafa wajen Mokolo ku ga yadda suka jera duwatsu hawa-hawa a jikin dutse, ruwa na saukowa yana hutawa. A dasa jema a gefe, saiwarta ƙasa take nutsawa sosai tana riƙe gaɓa, ba ta yaɗuwa ta cinye wuri.

Injiniya
Wlh abin da muka yi shekara muna karantawa ke nan baba ya faɗa a layi uku. Hanya mai faɗi marar zurfi, ciyawa a ciki, duk 'yan mita a sa jerin dutse, a bakin mayo kuma gabiyon wato ragar waya cike da duwatsu. Amma fa sai an sami inda za ta bi. A hoton sama da na duba a waya fili biyu ne suka rage ba a gina ba a can ƙasan kwarin, in aka gina su an rufe ƙofa ta ƙarshe. Waɗannan biyun su ne abin da za ku roƙa a bari, ko unguwa ta haɗa kuɗi ko a nema wa masu su musanya a tudu.

Mai Sabon Gida
Ɗayan na san mai shi, abokin sana'ata ne, zai saurara in an mayar masa da kuɗinsa. Ɗayan kuma na wani babba ne da ke Yawunde, ko waya ba ya ɗauka, kuma na ji an ce bayan damina zai fara zuba ƙasa. Ni nawa zan yi, gobe magini ya zo ya juya bututun nan biyu su bar ƙofar Inna, simintin tsakar gida kuma sai na shawo kan uwargida don ita ta nace a shafe sbd taɓo. Tanki sai albasa ta fito. Amma shagon kan kanibo shi ma a fasa dal ɗin a sa ƙarfe mai ramuka, ba ni kaɗai zan yi asara ba.

Tela Bakin Mayo
Na gode Alhaji, zan yi wa ƙanina magana yau, in ya ƙi Inna za ta yi masa. Sauran gida sha ukun fa?

Tsohon Ma'aikaci
Ku rubuta takarda ɗaya tsofaffin gida da sababbi ku sa hannu tare, ku kai wa lawan ku kai kwafi meri a buga muku hatimin karɓa ku ajiye. In tsofaffi kaɗai suka sa hannu za a ce hassada ce. Zan rubuta muku da Faransanci in kun turo min sunayen ta gefe.

Injiniya
Kuma in an yi ruwa na gaba don Allah samari su fita da waya su bi shi tun daga saman layi har mayo suna ɗauka, a ga inda yake taruwa da inda yake juyawa, a sa alama da gawayi a katanga iya inda ya kai. Kar dai kowa ya shiga inda ya wuce gwiwa ko ya matsa gaɓar mayo, tana zabtarewa ba sallama.

Magini
Alhaji bututun in na juya su ina zan kai su? Bayanka gidan mai rijiyar burtsatse ne, gabas katanga ce mai tsaga.

Mai Sabon Gida
Ka zo dai da safe mu tsaya a wurin mu gani.

Tela Bakin Mayo
Ku duba gabas jama'a hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Inna tana gidan ƙanwata tun jiya, ni na tafi ɗora keke kan duro. Alhaji in yaronka babba na gida ya fito da tocila mu bi ruwan tare.